Wa Ke Riƙe da Adireshin Mu'minat?

Mu'minat ta iso shagonta da safe ta tarar da kwaɗon ƙofa a ƙasa, an ɓalle shi da ƙarfe. Shagon yana bakin titin Magama, daidai inda manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka Nijar. A nan take buga wa masu fiton kaya ta iyaka takardu, a nan kuma direbobi ke sayen intanet daga rautar da ta rataye a bango. Ba a taɓa firinta ba, ba a taɓa batiran sola ba. Kwamfutarta ta tafi-da-gidanka kaɗai aka ɗauke, haɗe da cajarta.

Kafin ta gama salati mutane sun cika ƙofar, kuma babu wanda ya tambayi dalilin satar. A makon da ya wuce 'yan bindiga sun tare hanyar Gangara a kan babura, sun kashe mutane, sun tafi da mata. Babur ba ya tafiya da ruwa, dole wani daga gari ke kai musu fetur. Jiya da yamma Mai Unguwa ya tsaya a wannan ƙofar, a gaban jama'a, ya tambayi Mu'minat ko kyamararta tana ganin lungun bayan tasha. Ta ce tana gani, duk abin da ta ɗauka yana cikin kwamfutar, gobe za su zauna su duba.

Badaruddeen, shugaban 'yan sa-kai, shi ya fara hango sawun. Takalmin roba ne irin na makiyaya, ya tashi daga bakin shagon ya miƙe arewa, wajen iyaka.

"Abbas yana nan jiya lokacin da anka yi maganar," in ji wani daga baya.

Abbas makiyayi ne, rugarsu tana kusa da Farfaru. Kafin hantsi ya yi zafi yaran Badaruddeen sun kamo shi a bakin ƙorama, sun ɗaure shi a rumfarsu. Mai Unguwa ya kira 'yan sanda, aka ce motarsu ta yi rakiya, sai yamma za ta dawo.

"Mu ba mu jiran yamma, ranka ya daɗe," in ji Badaruddeen. "Da an idar da la'asar za mu shiga daji da shi, ya gwada muna abokanshi."

Kowa ya san wanda aka shiga daji da shi a haka ba ya dawowa. Mai Unguwa ya aika a kirawo Nagoggo.

*

Nagoggo dattijo ne siriri, mai ɗan ɗingishi. Tun yana saurayi yake bin sawun dabbobin sata, har cikin Nijar ya sha kaiwa ya dawo da shanun mutane. Ya tsuguna a ƙofar shagon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya bi sawun, Badaruddeen na biye da shi da bindigar toka a kafaɗa.

Sawun ya ratsa bayan tasha, ya bi gefen wata gonar gero, ya gangara ƙorama, ya ɓace a kan fako.

"Ka gani, Baba? Ya tsallaka. Yanzu haka kwamfutar tana Ɗan Isa, cikin Nijar."

"Dubi nan," in ji Nagoggo. Ya nuna da sandarsa. "Ga tsandauri a dama, ga rairayi a hagu. Ina ya taka?"

"Rairayi."

"Can ma rairayi. Ko'ina rairayi. Ɓarawo gudun rairayi yake yi, wanga nemanshi yake yi. Kuma takalmin sabo ne, zanen ƙasanshi bai ci ba. Ya kuma yi mishi yawa, ga ƙafar tana zamewa a ciki."

Badaruddeen ya taɓe baki. "Ko ma mine ne, arewa ya nufa."

"Arewa yake so mu duba," in ji Nagoggo.

*

Abbas yana zaune a ƙasa, an ɗaure hannayensa ta baya, leɓensa ya fashe. Nagoggo ya zauna kusa da shi ya ba shi ruwa a baki.

"Mi ya kai ka shagon Malama jiya?"

"Ƙanena nake kira, Baba. Yana Agadas. Intanet ɗin shagon ne kaɗai ke gwada min fuskarshi."

"Ka ji maganar kyamara?"

"Na ji. Kowa ya ji."

"Da safe mi kake yi a ƙorama?"

"Karsana ta ɓalle mini."

"Tambaye shi jarkar fetur da ya saya jiya!" wani ɗan sa-kai ya daka tsawa.

Abbas ya sunkuyar da kai. "Na saya. Injin ban-ruwa gare ni a fadama, albasa na shuka. A je a duba."

Nagoggo ya ɗaga ƙafar Abbas ya dubi takalminsa. Ya tsufa, dunduniyar ta cinye gefe guda, kuma ƙafar ta cika shi taf. Ya nuna wa Badaruddeen.

"An hana mutum ya mallaki takalmi biyu?" in ji Badaruddeen. Idanunsa sun yi ja. Cikin matan da aka tafi da su a hanyar Gangara akwai ƙanwar matarsa. "Baba, ina ganin girmanka. Amma kawo min wani, ko ka bar min wanga."

*

Sadisu mai cajin waya yana da rumfa daura da shagon Mu'minat. Ƙaramin janaretonsa na ta kururuwa, wayoyi sun yi layi a kan katako. Kowa ya san sun taɓa yin rigima da ita, lokacin da ta gano yana sayar wa direbobi kalmar sirrin intanet ɗinta a ɓoye. Kuma yana gyaran waya, ya san cikin na'ura.

"Ina ka kwana?" in ji Nagoggo.

"Gida."

"Matarka ta ce ba ta gan ka ba sai da anka fito masallaci."

Sadisu ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya. "Baba, rufa min asiri. Shinkafa na ɗauko daga tsallake a kan babur, ta ɓarauniyar hanya. In 'yan kwastan sunka ji, na shiga uku. Wallahi ban taɓa ƙofar Malama ba. Mi zan yi da kwamfutarta? Akwai wani kamiyo, babbar motar kaya, da ya tashi da sassafe, ku bincike shi."

Nagoggo ya je tasha. Direban kamiyon bai je ko'ina ba, yana ƙarƙashin motarsa a bakin shingen iyaka, tun jiya gishirin da ya ɗauko ke jiran takarda, ga shi taya ta fashe. Masu shayi sun shaida a gabansu ya kwana.

Daga nan ya shiga wurin Alhaji Abdulfatah mai ƙanƙara, wanda ɗakin sanyinsa ke jingine da bayan shagon Mu'minat. Mutum ne mai fara'a da kyauta, shi ya sa wa masallacin tasha fanka. Ya tarbi Nagoggo da ruwa mai sanyi, ya jawo masa kujera a waje.

"Ni ba ni son ɗaukar alhakin kowa," in ji Alhaji. "Amma da na fito sallar asuba na hangi wani da malafa da sanda ya yi arewa. Ban ga fuska ba, Allah shi ne shaida."

"Dogo ne ko gajere?"

"Dogo. Kamar dai shi yaron. Allah ya kyauta, Malam Nagoggo. Mutanen da muka zauna da su shekara da shekaru."

Nagoggo ya shanye ruwan ya yi godiya. Da ya fito, rana ta riga ta karkata. Yana da sawun da bai yarda da shi ba, da mutum ɗaure, ba shi da wani abu bayan wannan.

*

Bayan azahar ya koma shagon Mu'minat don ya sake duba bakin ƙofar. Ya tarar da masu fito sun yi cincirindo suna mita. Ta ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur daga gida tun da safe don kada aiki ya tsaya, ta yi ta aiki lafiya, ta kashe ta ta je salla. Da ta dawo ta kunna, intanet ya ƙi.

"Malama, motata na tsaye a shinge!"

"Ga netwok a wayata, ke ce dai ba ki da shi."

"Ku ba ni wuri, don Allah," in ji Mu'minat. Gumi ya jiƙa gefen hijabinta.

Nagoggo ya ratsa ya tsaya bayanta. "Mi ya same ta, ɗiyata?"

"Adireshi ne, Baba. Kowace na'ura da ta hau rautar nan tana da lambarta, adireshin IP ake ce mata, kamar lambar gida. In babu ita saƙo bai san inda zai sauka ba. Wannan ta ce wai nata ya ci karo da na wani. Bari in sabunta mata."

Ta shiga wani wuri ta cire lambar da ke rubuce, ta bar wa rauta zaɓi. Sannan ta buɗe wata baƙar taga, ta rubuta umarnin sakin tsohon adireshi, ta rubuta na neman sabo. Kwamfutar ta yi shiru kamar mai tunani. Sai lambobi suka fito, alamar intanet ta haskaka a ƙasan allo.

"Alhamdu lillahi! Wa ke gaba?"

"Dakata," in ji Nagoggo. "Kin ce nata ya ci karo da na wani. Na wa?"

"Wata na'ura ce ta riga ta hawa lambar."

"Lambar ta wace ce tun asali?"

"Da hannuna na sa mata ita da safe, don firinta ita ta sani. Lambar waccan ce, wadda aka..."

Ba ta ƙarasa ba. Hannunta ya tsaya a kan madannai. Ta juyo ta dube shi, sannan ta miƙe ta ce wa masu fito su yi haƙuri su jira a waje, ta turo ƙofa.

"Baba, babu wata na'ura a duniyar nan da na rubuta wa wannan lambar sai su biyu. Wayoyin mutane rauta ke ba su nasu, daga wani jeri daban."

Ta sake rubutu a baƙar tagar. Layi ya fito, wani ya biyo shi, wani ya biyo shi.

"Ƙwanƙwasa wa tsohuwar lambar nake yi. Kowane layi da ka gani amsa ce. Tana kunne, Baba. Yanzu haka tana kunne. Da an kunna ta take hawa rautar da kanta, ko mutum bai san kalmar buɗe ta ba."

"Daga Ɗan Isa za ta iya amsawa?"

"Ina! Intanet ɗina bai wuce masallaci ba ta nan, ta can kuma bai wuce bakin tasha ba."

Nagoggo ya dubi ƙofa. "Ɗaki nawa ne tsakanin masallaci da tasha? Kafin mu bincike rabi an jefa ta masai."

"Batirinta ya mutu tuntuni," in ji Mu'minat. "Ba ta aiki sai a jone da wuta. Da an zare ta take mutuwa."

Dattijon ya rufe ido ya kasa kunne. Wutar gwamnati ta yi makonni ba ta zo Magama ba, sola kuma nata ne kaɗai a layin. Ta cikin hayaniyar tasha ya tsinci ƙarar janareto uku: na mai aski, na Sadisu, da babban nan mai gurnani a bayan bango.

Daga masallaci ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

*

Ana sallame la'asar Mai Unguwa ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce kowa ya biyo shi shagon Mu'minat, kada wanda ya ratse. Nagoggo ya riga ya raɗa masa abin da zai yi. Aka zaunar da mai aski da Sadisu da Alhaji Abdulfatah a kan benci guda. Aka kawo Abbas a ɗaure aka tsugunar da shi gefe. Mu'minat ta juyo da allon kwamfutar ya fuskanci ƙofa, fararen layuka na ta sauka a kan baƙi.

"Lokaci ya yi, Baba," in ji Badaruddeen.

"Ya yi. Sa yaranka su tsare lungun nan gaba da baya, sannan ka dubi allon nan."

Nagoggo ya juya ga jama'a. "Kwamfutar Malama ba ta tsallaka ko'ina ba. Tana cikin layin nan, a kunne, ita ce ke amsawa a nan. Ba ta rayuwa sai da wuta. Za mu kashe janareto ɗaya bayan ɗaya. Wanda anka kashe nashi ta yi shiru, shi zai yi muna bayani."

Wani ɗan sa-kai ya je ya kashe na mai aski. Layukan suka ci gaba da sauka. Mai aski ya sauke ajiyar zuciya har da hawaye.

Aka nufi rumfar Sadisu. Ya runtse ido yana motsa baki, rigarsa ta manne da bayansa. Kururuwar ƙaramin injin ta mutu. Mutane suka miƙa wuya. Layi ya sauko, wani ya biyo shi.

Gurnani ɗaya ya rage a Magama.

Alhaji Abdulfatah ya yi murmushi ya gyara hularsa. "Ranka ya daɗe, wannan ai wasan yara ne. Akwai kifin mutane a cikin firjina, in ya lalace wa zai ɗauki asarar? Kuma wa ya san abin da yarinyar nan ta rubuta a ciki?"

"Ɗan lokaci kaɗan ba ya narkar da ƙanƙara, Alhaji," in ji Mai Unguwa.

"To bari in je in kashe da kaina, injin yana da wuyar sha'ani." Ya yunƙura zai tashi.

Nagoggo ya gitta sandarsa a gabansa. "Zauna. Badaruddeen, kai za ka tafi."

Badaruddeen ya dubi Alhaji, mutumin da ke ba 'yan sa-kai ruwan sanyi kyauta kullum suka dawo sintiri. Sannan ya zagaya bayan shagon. Gurnanin ya yi tari ya mutu. Aka ji kukan wata akuya daga nesa.

Layi na ƙarshe ya tsaya a kan allo. Aka jira. Wani rubutu daban ya fito, ya sake fitowa.

"Ba amsa," in ji Mu'minat. "Ta mutu."

Mabuɗin ɗakin sanyi yana aljihun Alhaji, bai hana a ɗauka ba. A ƙuryar ɗakin sanyi, bayan manyan firji, suka sami kwamfutar a kan buhu, cajarta a jone, jikinta da ɗumi. Kusa da ita ga sabon takalmin roba. Jikin bango kuma jarkokin fetur ne jere, an lulluɓe su da buhunan da ake naɗe ƙanƙara, irin waɗanda motarsa ke fita da su ƙauyuka kowace safiya ba wanda ke dubawa.

Da aka fito da kayan, Alhaji ya zame daga benci ya zauna a ƙasa.

"So nake in goge hoton kawai," ya ce. "Na kasa buɗe ta. Wani nake jira ya kira ni ya gaya min yadda ake yi, sai aka yi kiran salla." Ya ɗaga kai. "'Yan bindigar sun tare motata bara. Sun faɗa min sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, da makarantar da suke zuwa. Mi kuke so in yi?"

"Shi fa?" in ji Nagoggo, ya nuna Abbas. "Shi ba shi da 'ya'ya?"

Alhaji ya kau da kai.

Jama'a suka yunƙuro gaba ɗaya, wani ya ɗaga dutse. Badaruddeen ya sauke bindigarsa daga kafaɗa, kuma ba wanda ya san inda zai nuna ta. Nagoggo ya ja ƙafarsa ya tsaya tsakaninsu da Alhaji.

"Da safe kun tabbata, yanzu ma kun tabbata," ya ce. "Wanga ya san wanda ke karɓar man, ya san inda ake kaiwa. In kun kashe shi, wa zai faɗi inda matanku suke?"

Badaruddeen ya daɗe yana huci. Sannan ya juya bayansa ga Alhaji, ya fuskanci jama'a, ya ce duk wanda ya matso da shi zai yi. Aka kulle Alhaji cikin shagon Mu'minat, Mai Unguwa ya zauna a bakin ƙofa har motar 'yan sanda ta iso.

*

Badaruddeen da kansa ya yanke igiyar Abbas. Hannayen sun kumbura, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ya tsuguna a gabansa.

"Ka yafe mini, Abbas. Zafin rai ne."

Abbas ya miƙe a hankali yana dafa bango. Bai dube shi ba. Sai ya juya ga Nagoggo.

"Baba, na gode. Malama, Allah ya saka." Ya juya ga Mai Unguwa. "Da sunka kama ni, na aika a ce wa matata kada ta jira gawata, su ɗaure kaya su kora shanu su tsallaka kafin rana ta faɗi."

"To yi sauri ka tsayar da su," in ji Mai Unguwa. "A kai shi a babur. Nan gidanku ne, kakanka a Farfaru anka rufe shi."

"A nan anka rufe shi, ranka ya daɗe," in ji Abbas. "Da safe ma da anka ɗaure ni, a nan yake."

Wani ya turo babur, Abbas ya girgiza kai.

"Da ƙafa zan tafi. In na tarar ba su gama ɗauri ba, za mu yi shawara. In sun gama, ba zan ce su kwance ba."

Ya bi gefen titi ya nufi Farfaru, hannayensa a buɗe a gefensa don ba su rufuwa. Mutanen Magama suka tsaya suna kallonsa har manyan motoci suka kare shi.